Tambayar ta zauna, harshen ya tafi

Duk inda tsofaffin ma'aikata suka taru bayan la'asar, a Maraɗi ko a Damagaram, in hira ta yi nisa sai ta gangaro kan zamanin makaranta. A nan ake ganin abin mamaki. Mutumin da ya manta adadin albashinsa na farko, sai ga shi yana kawo tambayar Ingilishi da aka yi masa ranar jarrabawar birbe (BEPC), shekara 40 baya, kalma bayan kalma. Yana tune da bencin da ya zauna, da zufar da ta jiƙa takardarsa, da takun mai tsaron jarrabawa. Amma in aka miƙa masa wasiƙar Ingilishi da ta zo biro daga Katsina, sai ya jujjuya ta, ya aika a kira tafinta.

A ƙasar Nijar yaro yana fara Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, bayan shekara 6 na firamare cikin Faransanci. Yana yin shekara 4 yana koyo kafin birbe, wanda ya wuce lise kuma ya ƙara 3. Tun farkon ƴancin kai aka ba wannan darasi muhimmanci: a shekarar 1962 samari masu aikin sa kai na ƙasar Amurka, ƴan Peace Corps, suka fara zuwa, aikinsu na farko kuwa shi ne koyar da Ingilishi, kuma ƙungiyar ta zauna a ƙasar har 2011. Dalilin a fili yake. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma tun 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai.

Tambayoyin da suka fi maƙalewa a zukata sanannu ne. Akwai aikatau masu ƙin bin ƙa'ida, waɗanda ɗalibai ke rerawa kamar karatun allo: go, went, gone. Akwai juya jimla ta yadda abin da aka yi wa aiki zai dawo gaba. Sai kuma babban tarko, wato zaɓi tsakanin since da for. Faransanci yana haɗa su cikin kalma guda, depuis, shi ya sa yaron da ke tunani da Faransanci yake faɗawa rami. Alhali da ya waiwayi harshen gidansu, da ya tsira, don Bahaushe ya riga ya raba su: “tun Litinin” daban, “kwana uku ke nan” daban. Tsohon ɗalibin da wannan tarko ya ci masa maki ba ya manta shi har furfura.

Masana sun daɗe suna bincike kan wannan al'amari. A shekarar 1885 wani masani na ƙasar Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne tun cikin awoyi da kwanakin farko, daga nan mantuwa ta rage gudu. A 1927 wata masaniya, Bluma Zeigarnik, ta lura a birnin Balin cewa aikin da aka katse wa mutum ya fi zama a ransa bisa wanda ya kammala. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da maganarta kowane lokaci ba, amma tsofaffin ɗalibai sun san ɗanɗanonta: tambayar da aka kasa amsawa ita ke bin mutum har gida.

Binciken da ya fi kusa da wannan magana shi ne na Harry Bahrick, a ƙasar Amurka, cikin 1984. Ya gwada mutum 733 da suka koyi harshen Sifaniyanci a makaranta, wasunsu shekara 50 baya. Ya tarar cewa ilimin yana raguwa sosai cikin shekara 3 zuwa 6 na farko, sa'an nan abin da ya saura ya tsaya daram shekaru masu yawa. Wanda ya koya da zurfi tun farko, shi ke da saura mai yawa. Ashe harshen bai tafi duka ba, akwai iri kwance a ƙasa yana jiran ruwa.

To, mene ne ruwan? A 2006 wasu masana biyu na Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma aka ɗauke takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, waɗanda suka wahala wajen tunowa su ne suka fi riƙewa. Wannan yana haska sirrin tambayar birbe. An tilasta wa yaro ya tono amsa daga kansa, cikin fargaba, sa'an nan ya fito ya yi gardama a kanta da abokansa, ya kuma yi ta ba da labarinta shekara da shekaru. Kowace hira bita ce. Sauran darasin kuwa, tun ranar da aka rufe kaye ba wanda ya sake tambayarsa.

Wannan darasi bai tsaya ga masu birbe ba. Ya shafi manomi da matar gida da suka karɓi takardar shaidar yaƙi da jahilci. Wanda ya naɗe takardarsa ya sa a akwati, bayan damina uku ko huɗu zai iske baƙaƙe sun fara yi masa baƙunta. Wanda kuwa yake rubuta lissafin buhunan gero, yake karanta wa maƙwabta wasiƙa, yake tambayar ƴaƴansa abin da mushe ya koya musu, shi kullum cikin jarrabawa yake ba tare da fargaba ba.

Ga ma'aikata kuma maganar ta ƙara nauyi. Kundin da hukumomin ƙasa suka zartar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma ambaci Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ma'aikacin da ke alfahari da tambayar da ya tuna, ya kamata ya gwada kansa a kan wasiƙar da ke gabansa kafin ya kira tafinta: ya karanta, ya rufe, ya faɗi abin da ya fahimta, sa'an nan ya duba kuskurensa. Malaman kwaleji su ma kada su jira ƙarshen shekara. Ƴan tambayoyi kaɗan kowane mako sun fi dogon bayani amfani.

Rijiyar da ake ja ita ke tsatso. Mai tambayar shekara 40 a kansa yana da rijiya, saura guga.