Haihuwar Jariri Ba Rai: Shin Baƙi Sun Fi 'Yan Ƙasa Shiga Haɗari?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu ya aiko da takarda yana cewa, wai shin gaskiya ne matan da suka yi ƙaura zuwa ƙasashen Turai sun fi matan ƙasar yawan haihuwar jarirai ba rai? In haka ne, me ke kawowa?

AMSA: To malam, mun gode da takardarka. Da farko dai sai mu bambance ɓari da abin da kake tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, idan za ta kwatanta ƙasashe, tana ƙirga jaririn da ya zo ba rai daga mako 28 na ciki. Birtaniya kuwa tun 1992 daga mako 24 take ƙirgawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 jarirai wajen miliyan 1.9 aka haifa ba rai a duniya.

Batun baƙi kuwa, e, akwai ƙamshin gaskiya, amma fa ba dukkan baƙi ba. A Norwe an bi bayanan haihuwa daga 1990 zuwa 2013, sai aka tarar matan da aka haifa a Pakistan da Somaliya da Siri Lanka na cikin waɗanda suka fi 'yan ƙasar haɗari, alhali baƙi daga wasu ƙasashen ba su fi su ba. A jihar Biktoriya ta Ostareliya ma an ga haka ga matan Kudancin Asiya, musamman in ciki ya kai ƙarshe.

To, me ke kawowa? A Suwidin likita Birgitta Essén da abokan aikinta sun bi diddigin mutuwar jariran matan Gabashin Afirka, suka buga sakamakon a 2002. Abubuwan da suka yi ta cin karo da su su ne jinkirin zuwa asibiti, da ƙin yarda a yi tiyata, da kuma rashin fahimtar juna tsakanin mai ciki da ma'aikatan asibiti. Ka ga mace ce ba ta jin harshen ƙasar, ba a nemo mata tafinta ba. Ɗa ya rage motsi, ba ta san inda za ta kai kuka ba, ko kuwa ta faɗa ba a gane ta ba. Ga talauci, ga tsoron hukuma ga wadda ba ta da takardun zama. Hawan jini da ciwon sukari kuma, in ba a gano su a wurin awo ba, sukan hana mabiyiya ciyar da ɗa yadda ya kamata.

Kada kuma ka ɗauka haihuwar mutum a ƙasa ita ce kariya. A Amurka baƙar fata, waɗanda akasarinsu a can aka haife su, suna haihuwar jarirai ba rai kamar ninki biyu na farar fata. Wato dai irin kulawar da mace ta samu tana da babban tasiri.

Saboda haka in kana da 'yar'uwa mai ciki a ƙasar waje, ka gaya mata ta fara awo tun ciki yana ƙarami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8. Ta nemi tafinta, ba abin kunya ba ne. Daga mako 28 ta riƙa kwanciyar barci ta gefe, ban da rigingine. In motsin ɗa ya ragu ko ya sake, kada ta jira gari ya waye, ta tafi asibiti nan take. In likita ya ce sai tiyata, ta nemi a yi mata bayani sosai kafin ta yanke shawara.

Da fatan ka gamsu. Allah Ya sauki matanmu lafiya, amin.