Ƙwaya kan ƙwaya a zafin bazara: Abin da ɓerayen ɗakin gwaji suka nuna

A watannin Afrilu da Mayu zafi a Maraɗi kan haura maki 40 a ma'aunin Celsius. A cikin wannan rana ɗan kabu-kabu ke kai da kawo tsakanin Babbar Kasuwa da Tibiri, mai noman rani kuma ke wuni a fadamar Jiratawa. Wasunsu, ba dukansu ba, na kashe gajiya da tramol. Wani ya kora da baƙin kofi, wani ya ɗora mata Exol ko diazepam.

An saba jin illar tramol ta fuskar farfaɗiya da kamun jaraba. Wadda ba a cika faɗa ba ita ce yadda haɗa ƙwayoyi ke rikita zafin jiki.

A ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, haifotalamus, mai riƙe zafin jiki a wajajen maki 37. In zafi ya yi yawa, shi ke sa gumi ya fito, jini ya taso kusa da fata. Masu bincike sun daɗe suna gwada magunguna a jikin ɓeraye don ganin me ke samun wannan tsari, kuma sun ga cewa ƙwaya ɗaya kan yi aiki iri biyu. Ecstasy, alal misali, tana iya saukar da zafin ɓera a ɗaki mai sanyi, ta ɗaga shi a ɗaki mai ɗumi. A wani bincike da aka wallafa a 2006 daga ƙasar Ireland, da aka haɗa ta da kafin, sinadarin da ke cikin kofi, zafin ya ƙaru, ɓerayen da suka mutu ma suka ƙaru.

Wanda ya fi shafar mu shi ne na dangin Exol. Ɓera ba ya gumi kamar mutum, yawu yake shafawa a jikinsa ya sha iska. Da aka ba shi atropine, mai busar da yawu, sai ya kasa jure zafi. Exol aikinta ke nan a jikin ɗan Adam: tana busar da baki, tana rage gumi. Mutum na kan babur da tsakar rana, jikinsa na dahuwa, ga tramol ta dusashe masa jin wahalar da za ta sa ya nemi inuwa.

Ɓera dai ba mutum ba ne, amma likitoci sun san irin wannan a asibiti. Tramol in ta haɗu da wasu magungunan ciwon damuwa takan jawo zazzaɓi mai tsanani da karkarwa da ruɗewa. Ga kuma batun ƙarfi: ƙwayar asibiti miligiram 50 ce, iyakar abin da ake yarda babba ya sha a wuni 400, alhali ta bayan fage kan zo da 225 a ƙwaya guda.

Abin takaici, in matashi ya faɗi jikinsa rau da zafi yana sambatu, sai a ce masassarar cizon sauro ce ko iska, a nemo farasitamol. Farasitamol ba ya saukar da zafin bugun rana. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita, kada a ɗura masa komai in ba ya cikin hayyacinsa, a garzaya asibiti. Abokin da ya san abin da ya sha ya faɗa wa likita sunan kowace ƙwaya, ko da iyayen na tsaye a wurin.