Zaɓen Zarton Yankan Ƙarfe ga Mai Koyon Walda

Gabatarwa

Da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai sun fara haɗa karatu da sana'ar hannu, kuma walda na cikin waɗanda ake sha'awa. Ni ma ina taɓa ta a lokutan hutu, inda nake haɗa ƙananan abubuwa kamar benci, kantar littattafai da ƙarfen taga. Tambayar da aka fi yi mini ita ce ta injin walda, alhali kafin a haɗa ƙarfe sai an yanka shi. Idan yanka ya karkace, haɗi zai bar giɓi, sai a yi ta cikewa da walda, a ƙarshe aikin ya murɗe. Saboda haka wannan maƙala za ta dubi ire-iren kayan yankan ƙarfe guda biyar, da yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi nasa ba tare da ya yi asarar kuɗinsa ba.

Zarton Hannu

Wannan shi ne mafi araha, kuma ba ruwansa da wutar lantarki. Tsawon ruwansa yawanci inci 12 ne, wato milimita 300. Abin lura shi ne yawan haƙoran da ke cikin kowane inci, domin akwai mai 14, da 18, da 24, da 32. Ƙa'idar ita ce aƙalla haƙora biyu zuwa uku su kasance a kan ƙarfen a lokaci guda. Don haka rodi mai kauri yana son mai haƙora 18, siririn bututu kuwa sai mai 24 ko 32. Idan aka sa mai manyan haƙora a kan siririn bututu, haƙoran za su riƙa maƙalewa suna karyewa. Ana ɗaura ruwan haƙoransa na fuskantar gaba, domin a wajen turawa yake ci. Aibinsa ɗaya ne: jinkiri da gajiya. Wanda zai yanka gutsure arba'in na ƙarfen taga da shi, kafaɗarsa za ta ba shi labari.

Injin Gurza

Shi ne ƙaramin injin da ake riƙewa da hannu biyu, a ɗaura masa faifai. Ƙaramin yana ɗaukar faifai mai faɗin milimita 115, yana juyi kimanin 11,000 a minti ɗaya, kuma wutar da yake ci ba ta cika wuce wat 700 zuwa 900 ba. Babban yana ɗaukar mai milimita 230, yana juyi kimanin 6,500. Amfaninsa biyu ne, yana yanka, yana kuma goge walda. Sai dai faifan yanka daban, na gurza daban. Na yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 3, na gurza kuwa ya kai milimita 6. Duk wanda ya yi gurza da gefen faifan yanka, to yana neman faifan ya fashe masa a fuska. Miƙewar yankan kuma ta dogara ne kan hannun mai riƙe da injin, shi ya sa fitar da kusurwa daidai yake ba sabon shiga wuya.

Injin Datsa Mai Faifai

Wannan yana zaune ne a kan gindinsa, yana da abin matse ƙarfe, sai a sauko da faifan daga sama. Faɗin faifan inci 14 ne, wato milimita 355. Misali, Makita LW1401 yana cin wat 2,200, yana juyi 3,800 a minti. Faifan ba shi da haƙora, cinye ƙarfen yake yi da guga, shi ma yana cinyewa. Saboda haka yana fitar da tartsatsin wuta da ƙara da ƙura, bakin ƙarfen ya yi zafi, ya bar kaifi-kaifi da sai an goge. Idan aka danna da ƙarfi, faifan yakan ɗan lanƙwasa, musamman a yankan digiri 45 da ake yi wa kusurwar firam. Duk da haka, a cikin injunan da ke zaune shi ne ya fi sauƙin kuɗi, faifansa kuma ba ya wuyar samu a kasuwa.

Injin Datsa Mai Haƙora

A ido kamar na baya yake, amma ruwansa na ƙarfe ne mai haƙoran kabaid. Kada mai karatu ya rikita shi da kabaid ɗin da masu waldar gas ke jiƙawa da ruwa, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan wani sinadari ne mai tsananin tauri da ake haɗawa da ƙarfen tangistan. Injin yana juyi a hankali, kimanin 1,300 a minti, kamar DeWalt DW872. Yankansa yana fita sumul, ba zafi sosai, ba tartsatsi mai yawa. Matsalarsa tsada, ta injin da ta ruwan. Idan ƙarfe ya motsa ana cikin yanka, haƙora kan ɓalle, kuɗin ruwa ɗaya kuwa zai sayi faifai masu yawa. Kada a yi dabarar ɗaura wannan ruwa a kan injin mai faifai don neman sauƙi, domin gudunsa ya kusan ninka na wancan sau uku.

Zarto Mai Ɗamara

Ruwansa doguwar ɗamara ce mai haƙora da ke zagaya ƙafafu biyu. Ba shi da ƙara, ba ya tartsatsi, ba ya cin wuta da yawa, yankansa kuma yana miƙewa idan an saita shi da kyau. Amma yana da nawa, kuma kafin a saya ya kamata a tabbatar ana samun ruwansa a garin da ake, in ba haka ba ranar da ya tsinke aiki ya tsaya.

Abubuwan Dubawa Kafin Saye

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Kuɗin inji bai ƙare a wanda aka biya a shago ba, akwai abubuwa uku da ke biyo baya.

Na farko wutar lantarki. Ƙaramin janaretan da ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai iya tayar da injin wat 2,200 ba, balle ma inji yana jan wuta fiye da ƙima a lokacin tashi. Wanda ba shi da tsayayyiyar wuta ko babban janareta, sayen injin datsa tamkar ajiye kuɗi ne a lungu.

Na biyu kayan gwanjo. Wutar Nijeriya folt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Injin da aka ƙera don Amurka zai ƙone idan aka jona shi kai tsaye. A karanta ɗan allon da ke jikinsa, a kunna shi a gaban mai sayarwa, a saurari ƙararsa, a kuma girgiza wuyansa a ga ko yana da lako-lako.

Na uku abin da ke ƙarewa, wato faifai da ruwan zarto da gawayin inji. A tambayi farashinsu tun kafin a biya kuɗin injin.

Kariya

Bakin ƙaramin faifai yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Kowane faifai an rubuta iyakar juyinsa a jiki: mai milimita 115 yakan ɗauki 13,300, mai 230 kuwa bai wuce 6,650 ba. Ke nan wanda ya cire murfin ƙaramin inji ya cusa babban faifai, ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Faifai kuma yana tsufa, ana buga ranar ƙarewar wa'adinsa a zoben ƙarfen da ke tsakiya. A sa tabarau, a toshe kunne, a naɗe babbar riga, a kuma kawar da jarkar fetur daga inda tartsatsi ke zuba.

Kammalawa

Shawarata ga mai farawa ita ce ya sayi zarton hannu mai ƙarfin firam da ruwa masu kyau, sannan ƙaramin injin gurza, domin ko wane zarto ya saya daga baya sai ya buƙaci injin gurza wajen goge walda. Ya haɗa da sukwaya da abin matse ƙarfe, ya riƙa zana layi a ɓangarori huɗu na bututu kafin ya yanka. Idan aiki ya yawaita, yana yanka tsawo ɗaya sau da yawa, kuma yana da wutar da za ta ɗauka, sai ya ƙara da injin datsa mai faifai. Mai haƙoran kabaid da mai ɗamara su jira ranar da sana'ar ta fara biyan kuɗin kanta. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah Ya sa albarka a karatu da sana'a, amin.