Batirin Mota: Bazara Ke Kisa, Hunturu Ke Shan Zagi

Duk shekara, da zarar hunturu ya kankama, za ka ga magidanta da sassafe suna tura mota a ƙofar gida, ana ta cewa sanyi ya kashe batir. Na gaji da jin wannan magana. Sanyin Kano ko na Damagaram bai isa ya kashe lafiyayyen batir ba. Tun a bazara aka yi masa illa, sanyi asirinsa kawai ya tona.

Batirin mota ɗakuna shida ne, kowanne da farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid, kowanne yana ba da bolt 2 da ɗoriya. Zafi yana ƙafar da ruwan nan, yana kuma cin farantan a hankali. Ƙiyasin da masu harkar suke aiki da shi shi ne, duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 a kan 25 yana rage rayuwar batir da rabi. To, a Sakkwato da Maiduguri zafin Afrilu yana wuce digiri 40, a inuwa ke nan, balle a ƙarƙashin bonet kusa da inji! Abin da ke ruɗar mutane shi ne batir mai rauni yana iya tayar da mota cikin zafi, domin man inji ya tsinke, injin na juyawa da sauƙi. Sai an wayi gari da sanyi, mai ya yi kauri, ƙarfin batir ya ragu, ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas.

Alhali batirin ya daɗe yana gargaɗi. Inji yana jan jiki kafin ya tashi, fitila na dusashewa idan ka murɗa makulli, hon ya shaƙe kamar mai mura. Idan kuwa gefen batirin ya kumbura, ko kana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada ka tsaya shawara, canza shi. Farin garin da ke taruwa a kawunan batir ba lallai ne alamar mutuwa ba, a wanke a ɗaure sosai.

Sai batun gwaji. Na sha ganin mai cajin batir ya ɗauki waya ya haɗa kawunan biyu, tartsatsi ya tashi, ya ce, "Alhaji, da sauransa." Wannan ba gwaji ba ne, ganganci ne: batir yana fitar da iska mai kama wuta, kuma wanda ya kusa mutuwa ma yana yin tartsatsi. Haka masu ƙara asid idan ruwa ya ja baya. Ruwa ne ya ƙafe, asid yana nan. Tataccen ruwa ake zubawa, ban da na famfo ko na leda.

Mita ita ce alƙali. Bayan mota ta kwana, cikakken batir yana nuna bolt 12.6. Lokacin tayarwa, idan ya faɗi ƙasa da 9.6 alhali an yi masa caji, ya gama aiki. Inji na aiki kuwa, a ga wajen 14. In bai kai ba, altaneta ce ba ta caji, kuma sabon batir ma haka zai ƙare.

Batirin da ya ga bazara biyu, ka kai shi a auna a watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta taso.