FIFFIKEN INJIN ISKA: ME YA SA CIKINSA FANKO NE?

Dattawan Jazira da yawa za su iya tuna famfunan nan masu fanka a bisa hasumiya, waɗanda iska ke juyawa su jawo ruwa daga rijiya. A shekarun 1950 an kafa kimanin 250 daga cikinsu a Jazira, ƙirar Southern Cross ta ƙasar Ostareliya. Sannu a hankali suka mutu, saboda babu kayan gyara, babu makanikai, ga kuma injin dizal ya zo da araha. To, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 man dizal da lantarki suka yi wuya, don haka maganar iska ta cancanci a sake ɗaga ta.

Sai dai injin iska na yanzu ba irin wancan ba ne. Wanda aka kai Dongola a 2021 da taimakon UNDP, tsayinsa mita 63 ne. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina kuwa, kamfanin Vergnet na Faransa aka ba aikin injuna 37, kowane mai fukafukai biyu. Fukafukan irin waɗannan injuna ba na ƙarfe ba ne. Da zaren gilas ake yin su, a shimfiɗa shi hawa-hawa a jiƙa shi da wani irin danƙo ya daskare, kamar yadda magini ke cuɗa laka da ciyawa don kada bango ya tsage. Cikinsu kuwa fanko ne, bangon siriri, sai katanga ɗaya ko biyu da ke tokare shi daga ciki.

Dalilin haka, mai karatu ya dubi gora. Idan aka lanƙwasa sanda, bayanta ke ɗaukar wahala, gefe guda na miƙewa, ɗayan na matsewa, tsakiya kuwa kusan zaman banza take yi. Saboda haka aka fid da tsakiyar, nauyi ya ragu, ƙarfi bai ragu sosai ba.

Kafin a ƙera fiffike, injiniya kan lissafa shi tamkar azarar da aka kafe kai ɗaya a bango. Yakan yanka shi gunduwa-gunduwa a cikin kwamfuta, ya auna yadda kowace gunduwa ke jure lanƙwasa, da murɗa, da ja, sa'an nan ya haɗa su ya ga iyakar inda bakin fiffiken zai rusuna in guguwa ta taso, don kada ya bugi hasumiya. Tushen lissafin na Euler da Bernoulli ne tun ƙarni na 18. Vlasov na Rasha ya faɗaɗa shi ga azara mai siririn bango wajen 1940, kuma a shekarun 1990 Farfesa Hodges da ɗalibansa a Georgia Tech ta Amurka suka fito da manhajar VABS, wadda masu ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu ma ke amfani da ita.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, inda zaren ya fuskanta shi ke hukunci. In aka karkata shi kaɗan, fiffiken da iska ta lanƙwasa zai murɗe da kansa ya kauce wa ƙarfinta. Babu irin wannan dabara a farantin ƙarfe.

Ga kuma inda haɗarin yake, malaman makaranta na iya gwada shi a aji. A naɗe kwali kamar bututu, a liƙe bakinsa, a murɗa: zai ƙi. A tsaga shi a tsaye daga sama har ƙasa, a sake murɗawa: ko yaro ɗan aji ɗaya zai juya shi. Bututu mai siririn bango in ya tsage haka, juriyarsa ga murɗa na iya raguwa sau ɗaruruwa. Watau 'yar tsagar da ta bi gefen fiffike ba ƙaramar magana ba ce, kuma ƙurar habub da zafin ranarmu ba sa raga wa danƙo. Wanda ya zo ya manna faci ba tare da sanin inda zaren asali ya fuskanta ba, ya rufe wa ido ne kawai.

A ganina, duk hukumar da za ta kawo wa ƙauyukanmu irin wannan inji, daga Kamlin har Mai Wurno, a tambaye ta tun kafin a haƙa ramin hasumiya: ina takardun lissafin fiffiken, ina zare da danƙon gyara, kuma yara nawa za a tura Jami'ar Jazira ko ta Khartum su koyi karanta su?