Kalmar "Rogue": Yadda Zagi Ya Koma Wasa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da kan rikita ɗalibi, ko da kuwa ya yi nisa a karatu, akwai "rogue", wadda ake furtawa kamar "rog", tare da 'ya'yanta "roguish" da "roguery". Dalili kuwa shi ne, da ita Bature kan zagi mazambaci cikin fushi, da ita kuma yakan kira jikansa yana murmushi.

Asalinta ba abin dariya ba ne. A Ingila ta ƙarni na 16, sunan ɗan gararamba ne, mai lafiyar jiki amma ba sana'a ba ubangida, wanda ke yawo gari gari yana bara da damfara. A shekarar 1572, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, majalisa ta kafa doka cewa duk wanda aka tabbatar masa da wannan laifi, in ya haura shekara 14, a yi masa bulala, a kuma huda kunnensa na dama da ƙarfe mai zafi. Hatta 'yan wasan kwaikwayon da ba su da wani basarake da ya tsaya musu ba su tsira daga hukuncin ba. Amma tun ƙarnin bai ƙare ba kaifin kalmar ya fara dakushewa, har Shakespeare ya riƙa sanya ta a bakin abokai da masoya a matsayin zolaya.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin "shaƙiyyi", wanda a wurin malamai taɓaɓɓe ne da ya yi asarar lahira, kishiyar "sa'idi", shi ne yau muke kiran abokin barkwanci da shi, mu ce wane ya cika shaƙiyanci. To, haka "roguish" take: in an siffanta murmushi ko kallo da ita, ƙiriniya da wayo mai ban sha'awa ake nufi, ba mugunta ba.

Sai dai tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Toron giwa da ya ware daga garke ya zama abin tsoro, da sunan "rogue" ake kiransa. Haka kuma hukumomin Amurka, a shekarun 1990, suka laƙaba wa ƙasashe irin su Iraƙi da Libiya da Koriya ta Arewa wannan suna, suna nufin masu bijire wa doka.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kafin ka fassara ta, dubi mai magana da wanda ake nufi; kada kuma ka kira wanda ba abokin wasanka ba da ita.