Me ya sa masara mai aure ba ta haifar kamarta?

Ƙorafin ba sabo ba ne a Funtua, Bakori, Ɗandume da Malumfashi. Manomi ya sayi irin masara mai aure, ya kwashi amfani, ya ware manyan goyo ya rataye. Da damina ta zagayo ya shuka, sai gona ta fito ba kai ba gindi: wannan doguwa, waccan gajera, wata ta yi gemu da wuri, wata ta makara, buhuna kuma suka ragu. Hukuncin majalisar hira shi ne kamfani ya kashe irin da gangan don a koma a saya. Cewa kamfani na cin ribar komawar, wannan babu musu. Sai dai ba a zuba wa irin komai ba. Gado ne ke aikinsa.

Karan masara ɗaya yana ɗauke da namiji da mace. Furen da ke can bisa kai shi ke sakin gari, iska ta kwashe shi ta zuba a kan gemu, kuma kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa. Mai kyautata iri yakan rufe fure da goyo da jakar takarda, ya tilasta wa kara ya auri kansa, zuriya shida ko bakwai a jere. Abin da ke fitowa masara ce 'yar tsurut, mara kuzari, wadda ba manomin da zai kalle ta sau biyu, amma duk 'ya'yanta kamarsu ɗaya. Idan aka haɗa irin wannan dangi da wani dangin da ba su da kusanci, 'ya'yan fari sukan zarce iyayen duka biyu, domin raunin da ɓangare ɗaya ke ɗauke da shi ɗayan yana rufe shi. George Shull ya bayyana haka a Amurka a 1908. Shi ya sa a gonar samar da iri za ka ga ana bin wasu layuka ana zare musu fure tun bai buɗe ba, don kada su auri kansu.

Waɗannan 'ya'yan farin ne ke cikin jakar da ake sayarwa. Tun da ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne, in suka auri juna a gona tamkar auren zumunci ne mafi kusa, kuma raunin kakanni da ya ɓuya sai ya sake bayyana a jikoki. Gregor Mendel ya ga wannan rarrabuwar tun 1865 a kan wani nau'in wake.

To in nisa ke kawo ƙarfi, me zai hana a yi ta nisantawa? Akwai iyaka. Doki yana da sandunan gado 64, jaki 62; ɗansu alfadari yana da 63, ga ƙarfi ga juriya, amma kusan ba ya haihuwa. Masara da dawa kowace na da 20, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a gonakin Kafur shekara da shekaru, ba su taɓa haifar komai tare ba, don daidaiton adadi kaɗai bai isa ba. Bunaji da saniyar Turai ta Firisiyan kuwa, duk bambancin kamarsu, kowace 60 gare ta, kuma a cibiyar binciken dabbobi ta Shika an daɗe ana haɗa su ana samun 'ya'ya masu haihuwa da ƙarin madara. Shibra da manomi ke tsinewa a gonar gero ma shaida ce: gero ne ya haɗu da ɗan'uwansa na daji.

Yankin nan ya saba da baƙon iri. Audugar Amurka ce ta ciyar da masana'antun gurzar auduga na Funtua da Malumfashi, kuma a Daudawa aka riƙa yawaita irinta. Masara kuwa ba ta zama amfanin buhu-buhu a nan ba sai bayan shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, wanda ya yaɗa farar masarar TZB tare da takin zamani. Abin lura, TZB ba mai aure ba ce. Ana iya ajiye irinta, kamar yadda ake iya ajiye SAMMAZ 15 ta cibiyar binciken noma ta Samaru mai jure ƙuduji. A ganina nan ruɗanin ya samo asali: an saba da ingantaccen irin da ake ratayewa, sai mai aure ya shigo da suna ɗaya, "irin gwamnati". Yanzu ga na uku, wanda aka dasa wa ƙwayar gado daga wata halitta, kamar waken SAMPEA 20-T na 2019 da masarar TELA ta 2024. Muhawarar wannan daban take, amma a bakin mutane duk an cakuɗa su.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. In gonakin yanki guda duk suka koma dangi ɗaya, cutar da ta iya da kara ɗaya ta iya da kowa. A 1970 wata cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na masarar Amurka, saboda akasarinta daga uwa ɗaya ta fito. Nau'o'in dawa irin su Kaura da Farafara kuwa sun daɗe ba su lalace ba domin dawa galibi kanta take aura, kuma kowane gari na da nasa rukunin; ga irinsu masu binciken Samaru ke komawa in suna neman juriya.

Mai niyyar ajiye iri dai ya tambaya tun a shago ko mai aure ne. In ba mai aure ba ne, ya zaɓi goyo da yawa daga tsakiyar gona, nesa da masarar maƙwabci, ya kuma sabunta bayan damina uku.